Mai Majigi da Baƙin Sama

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Kaka ya riga mu tafiya. Ya cika da sassafe a ɗakinsa na Gyaɗi-Gyaɗi, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Da 'yan rakiya suka dawo, layinmu ya cika har bakin titi, 'yan adaidaita sahu suka rasa wurin juyawa. Da yawansu ma ba fasinja suka kawo ba, kansu suka kawo. Yayana ne ya ba ni labarin waje. Ya ce magidanta masu furfura a gemu suna zaune a rumfa, a yi addu'a a shafa, can sai wani ya ce, "Kun tuna yadda yake rufe talabijin da faifai?" Sai dariya ta kufce masa, ya yi maza ya mayar da ita istigfari. Limamin unguwa ma, wanda suka sha sa-in-sa da shi a kan kallo, cewa ya yi bai taɓa ganin mutumin da ya tara yara haka ba tare da ya bar sallah ta wuce su ba.

A cikin gida zaman makoki yana da tsarinsa, ko ba a faɗa ba. Inna, matar Kaka, tana ƙuryar ɗaki a kan tabarma. 'Ya'yanta mata sun jeru a gefenta, Goggo Babba a farko, mahaifiyata na biye, sannan mu jikoki. Mu ne masu karɓar gaisuwa. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da "ya haƙuri", ta yi wa mamaci addu'a, ta ɗan zauna wajen ƙofa inda baƙi ke zama, sannan ta tashi.

Bayan la'asar Mama Nas ta shigo. Mutuniyar kudu ce, Kirista, ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa har ta yi ritaya. A ɗakunan haya na gidan Kaka ta raini 'ya'yanta biyu bayan mijinta ya rasu, kuma ba ta bar gidan ba sai da ɗanta ya gina mata nata a Ƙauyen Alu. Ita ce ta rufe wa Kaka ido da safiyar ranar. Ta je gida ta sake kaya, ta dawo da kular abinci a hannu da mayafi a ka. Goggo Babba ta ɗago ta ce, "Sannu Madam, an gode, Allah ya saka da alheri. Ku ba Madam kujera." Aka ajiye mata farar kujerar roba a bakin ƙofa, kusa da tarin takalma. Ta bi mu ta yi mana gaisuwa, har ni da ta koya wa riƙe allura, sannan ta je ta zauna inda aka nuna mata. Da aka kira magariba ta yi sallama ta tafi.

Abin ya tsaya min a rai har ya hana ni kukan kirki. Kaka bai taɓa ce mata Madam ba, "'yata" yake cewa, ita kuma ta ce masa Baba. Amma ni jika ce, inda goggo take ba ni da baki. Washegari ma haka aka yi, kujera da takalma. Ina zaune ina amsa gaisuwa, zuciyata tana can wajen zauren gidan nan da abin da aka yi a cikinsa.

A unguwa Mai Majigi ake kiransa. Tun yana saurayi ya koyi harba fim a bango, zamanin Turawa, ya yi aiki a gidajen silima har ƙarfinsa ya fara ja baya. Da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, sai ya sayi bidiyo da talabijin da ƙaramin janareto, ya jera benci a zaure. Ni a lokacin ina makarantar koyon aikin jinya, ina zaune a gidan saboda kusancinsa da asibiti. Akwai wata taga tsakanin zaure da tsakar gida, ta nan mu mata muke namu kallon, Inna tana faɗa tana leƙe.

Kowa yana da bidiyo a Kano, amma ba kowa ke da Kaka ba. Shi kashe sautin yake yi gaba ɗaya. Ya zauna a gefen talabijin da sandarsa, ya yi muryar kowa, mace da namiji, soja da ɓarawo. Turancinsa bai wuce na gaisuwa da na zagi ba, waɗanda ya ce su aka fi yi masa a wurin aiki, amma hakan bai taɓa damunsa ba. In aka zo wurin da bai dace ba, sai ya ɗora faifan Inna a fuskar talabijin ya ci gaba da bayani hankali kwance: "A nan suna gaisawa ne. Gaisuwar tasu tana da tsawo." In aka kira sallah kuwa, ko ana tsakiyar yaƙi sai ya kashe. "Ku tashi. Duniyar ba za ta tashi ba sai kun dawo."

Yana da nasa halin, Allah ya yafe masa. Ga taurin kai, ga katse mutum, ga faɗin ƙarshen fim tun ba a je rabi ba in ya ji yara sun dame shi. Ni kuwa tsokana ce tsakaninmu. "Amaryata, har yanzu ba ki iya tuwo ba? Zan sake ki." In ce, "Ka sake ni mana, tsoho, wa zai kwashe ka?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Fina-finan da ya fi so su ne na halittun da ke zuwa daga wata duniya. Yara suna cewa dodanni, shi kuwa bai yarda da wannan suna ba. Baƙin sama yake ce musu. Kuma akwai abin da yake yi da na daɗe ban lura ba. Mutanen fim, da kwat ɗinsu da bindigoginsu, sai ya ba su magana a tsaitsaye, irin ta ofis. Baƙin sama kuwa, masu dogon wuya da idanu kamar ƙwan agwagwa, sai ya ba su Hausar cikin birni tsantsa, da gaisuwa da karin magana da "don Allah don Annabi". Kafin a yi nisa sai ka ga yaran da suka shigo suna cewa a harbe dodo sun koma suna cewa, "Kai, ku bar shi mana, me ya yi muku?" Wani yaro ya taɓa tambayarsa, "Baba, mu ai mutane ne, me ya sa kake bin bayansu?" Kaka ya nuna shi da sanda ya ce, "Wa ya gaya maka kai ne mai kwat ɗin?"

Dalilin wannan ya faɗa min wata rana ina yanke masa farce. Ya ce a wani kulob na Turawa da ya yi aiki, ta ƙofar baya yake shiga, ya haska musu fim, su yi dariya su tafa, shi yana cikin ɗan akurkin majigi yana zufa. In ƙishi ya kama shi, akwai gwangwanin madara da aka rataye masa a jikin famfon bayan kicin. Ba a taɓa dukansa ba, ba a taɓa hana shi albashi ba. "Amma amarya," ya ce, "har yau in na ga gwangwanin madara sai abin ya dawo min sabo. A garin ubana fa."

Shi ya sa rigimarsu da Inna ta yi zafi. Farkon zuwan Mama Nas, Inna ta ware wani kwano ta ɗiga masa jan fenti a gindi. In za a miƙa wa 'yan haya abinci, a ciki ake zubawa, a wanke shi daban, a kife shi daban. Inna ba muguwa ba ce, haka ta tashi ta ga ana yi, kuma ba ta taɓa hana su ko loma ba. Ranar da Kaka ya lura, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki kwanon ya juya shi ya ce, "Wannan ya yi min. Daga yau a nan za a riƙa zuba min tuwo."

"Malam, wannan na su Madam ne."

"To in sun ci su miƙo min, in na ci in miƙa musu."

Inna ta yi fushi, ta yi kwanaki ba ta kula shi sai da dalili. Ta zuba masa a kwanonsa na da, ya ƙi ci, ya tafi wurin mai shayi ya zauna inda duk unguwa za ta gan shi. Wace mace ce za ta jure a ce mijinta na cin burodi a titi tana raye? Ta haƙura. Kwanon ya shiga cikin sauran kwanuka, fentin ya goge da kansa.

Babban abin ya zo ne ba da jimawa ba bayan komawar nan mulkin farar hula. Mun ɗauka sauƙi ya zo, sai ga shi kowa ya sami bakin magana, har wanda bai kamata ba. Ana jin labarin tashin hankali a wasu garuruwa, ana ganin mutanen kudu suna loda kaya a mota, wasu zuwa gida, wasu zuwa Sabon Gari. Wata safiya dattawan layinmu suka zo zaure a kan maganar Mama Nas, mai kantin bakin layi ne ke musu jagora. Ina shara a tsakar gida, na ji komai ta taga.

"Malam, ba korar ta muke yi ba," in ji mai kanti. "Don lafiyarta ne. Kowa a cikin 'yan uwansa ya fi samun kwanciyar hankali. In wani abu ya faru, mu ba za mu iya tare yara ba."

Na ɗauka Kaka zai tashi da faɗa. Sai ya ce, "Na ji. Allah ya saka da alheri da kuka damu da ita. Ku dawo bayan la'asar, na samo sabon kaset, sai mu ƙarasa maganar."

Mama Nas ma ta ji. Da na shiga ɗakinta na tarar tana cusa kayan yara a buhu, fuskarta babu hawaye babu komai. Ta ce, "Kar Baba ya sami matsala saboda ni." Sai na tsaya ina riƙe mata bakin buhun kamar wawiya. Kaka ya leƙo ya ce, "'Yata, in wanki za ki kai, ki haɗa da babbar rigata." Ya wuce abinsa.

Bayan la'asar zaure ya cika, dattawa a bencin gaba, samari a baya. Fim ɗin na wasu baƙin sama ne da aka kawo wani gari mai ƙarancin ruwa, su ne masu haƙa rijiyoyi. Da rana suna cikin gari suna aiki, da yamma sai a busa jiniya, su jeru su koma bayan shingen waya. Akwai wata a cikinsu da ke duba marasa lafiyar garin, ta sami ɗan ɗaki a gidan wani tsoho. Kaka ya yi ta ba ta magana mai daɗi, tana tambayar jikin yara, tana yi wa masu jego sannu. Can sai ga manyan garin sun zo sun tsaya a ƙofarta, wani mai tumbi yana magana yana nuna bayan gari. Kaka ya gyara zama, ya sauke murya, ya ce:

"Ba korar ki muke yi ba. Don lafiyarki ne. Kowa a cikin 'yan uwansa ya fi samun kwanciyar hankali. In wani abu ya faru, mu ba za mu iya tare yara ba."

Ko kalma ɗaya bai sauya ba, har ɗan gyaran muryar da mai kanti ke yi kafin ya yi magana. Samarin baya, da labarin safiya ya riga ya iske su, suka fara ƙunshe dariya. Sannan baƙuwar sama ta ɗago dogon wuyanta, Kaka ya ce da muryarta, "To, na gode. Amma yaran da ba za ku iya tarewa ba, ai ni na karɓi haihuwar rabinsu. Ku gaya min sunayensu, in je in roƙe su da kaina."

Dariyar ta ɗauke. Ta taga ina ganin wani saurayi da na san Mama Nas ce ta ɗinke masa goshi, ya sunkuyar da kai yana wasa da silifas ɗinsa. Mai kanti ya miƙe yana huci.

"Malam, da mu kake?"

"Ni fim nake fassarawa, Alhaji. Kowa ya tsargu da shi ake."

Ba zan ce kowa ya shiryu a ranar ba. Mai kanti ya daɗe ba ya amsa sallamar Kaka, wasu suka hana 'ya'yansu zuwa kallo, benci ya yi sauƙi har wani lokaci. Amma ba wanda ya sake zuwa da maganar. Kuma a kwanakin da gari ya yi zafi, samarin bencin baya ne suka riƙa raka Mama Nas bakin titi in za ta aiki, ba tare da an sa su ba. Ta kwance buhunanta. Babbar rigar ma ta wanke masa, ta ce ai shi ya nema.

Daga baya na ɗauki kaset ɗin na kalla da sautinsa. A wurin nan, ashe mai tumbin yana gaya mata ne injin jan ruwa ya lalace a bayan gari, ta zo ta duba. Na je na same shi na ce, "Tsoho, ashe ƙarya ka shirga wa dattawa." Ya ce, "Masu fim su suka yi hoto, ni na yi magana. Da sun so tasu, da sun koyi Hausa."

Da ciwon suga ya kama shi, Mama Nas ta rama duk alherin da ya yi mata, har da ribar faɗa. Ta hana shi shayi mai suga, ta kama alawar da yake ɓoyewa a hula. Mutumin da ya tsaya wa dattawan layi, in ya ga allura sai ya rufe ido yana salati. "Baba, ka miƙo hannu, ba na son wasa." "'Yata, ki bari sai gobe, yau jikin da sauƙi." Ko bayan ta koma Ƙauyen Alu, kullum sai ta hau adaidaita ta zo. A watannin ƙarshe ita da Inna suke juya shi a gado, ɗaya ta kama kafaɗa, ɗaya ta kama ƙafa, suna yi wa juna faɗa a kan wa ya fi iya gyara matashi.

Na gode wa Allah da ya ba ni kaka irinsa. A ɗakin marasa lafiya nakan karɓi wanda ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, kuma ban taɓa rasa abin da zan sa masa a baki a zuciyata ba. A wurinsa na koya. Shi ya sa kujerar nan ta bakin ƙofa take ci na.

Ranar sadakar uku gida ya cika tun safe, ana ta rabon waina da gumba. Mama Nas ta zo ta taya aiki a tsakar gida, sannan ta shigo ɗaki ta zauna a kujerarta. Inna tun rasuwar ba ta cewa komai sai "amin", carbi a hannu, ido a ƙasa. Da rana ta yi sanyi Mama Nas ta tashi ta zo gabanta ta durƙusa.

"Inna, zan koma. Allah ya ƙara haƙuri."

Inna ta ɗago ta dube ta, ta daɗe tana dubanta.

"Ke kullum sai ki zo ki ba ni haƙuri ki tafi. Ke wa ya ba ki?"

Inna ta juya wajen Goggo Babba ta ce, "Matsa wa ƙanwarki."

"Inna, ai tana da kujera. Ƙafarta ma na ciwo, kuma mutane za su..."

"Na ce ki matsa. Uban mutane ne ya mutu ko naku?"

Goggo ta matsa. Mahaifiyata ta ja mayafinta ta ƙara wuri. Mama Nas ta zauna a tabarma tsakaninsu, tana ta gyara zani kamar wadda ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Wata yarinya ta fitar da kujerar.

Ba a jima ba aka yi sallama. Hajiya ce, matar mai kanti, ta tsufa tana dogara sanda. Ta durƙusa da ƙyar gaban Inna, ta yi gaisuwa, ta matsa wajen Goggo. Da ta zo kan Mama Nas sai ta tsaya. Ta dubi Inna, Inna tana jan carbinta. Sai Hajiya ta miƙa hannu ta dafa gwiwarta.

"Ya haƙuri?"

Mama Nas, matar da ta rufe wa Kaka ido ba ta zubar da hawaye ba, matar da ta yi ta zirga-zirga da kular abinci, tun rasuwar sai a lokacin wani ya tambaye ta. Ta kifa kai a kafaɗar Goggo Babba ta fashe da kuka, Goggo ta riƙe ta, ita ma tana yi.

Hajiya ta jira har suka lafa, sannan ta ce, "Allah ya jiƙan babanku, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa."

Mama Nas ta share fuska da bakin mayafi ta ce, "Amin. Mun gode da kuka zo."